Me ke Samun Bakteriya Idan Aka Takura Ta a Wuri Mai Tsananin Ƙunci?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a fannin nazarin ƙananan halittu. A ɗakin gwaji muna renon bakteriya a cikin kwalba ko a kan faranti, inda take da yalwar wuri da abinci. To, idan aka kulle ta a wurin da bai wuce girman jikinta ba, ko ta tarar da ramin da ya fi ta ƙanƙanta, me ke faruwa? Mutuwa take yi, ko daina hayayyafa, ko kuwa halinta ne ke sauyawa?

Amsa: Allah ya ƙara maka basira, domin ka taɓo abin da darussan aji suka saba tsallakewa. Amsar a gajarce ita ce, ƙunci shi kaɗai ba ya kashe bakteriya, kuma ba ya hana ta rabuwa sai ya kai matuƙa, muddin abinci yana isa gare ta kuma dattin da take fitarwa yana samun mafita. Abin da ƙunci ke yi shi ne sauya tafiyarta, da siffar jikinta, da yadda take jin 'yan'uwanta, da yadda magani ke cin ta. Sai dai akwai wani zato a cikin tambayarka da nake so mu fara gyarawa, wato ɗaukar kwalba a matsayin asalin mazauni, ƙunci kuma a matsayin baƙon yanayi. Akasin haka ne gaskiya. Mafi yawan bakteriyar duniya a matse suke rayuwa, a tsakanin ƙwayoyin ƙasa, da cikin tsagar duwatsu, da lungunan hanji, da cikin jijiyoyin tsirrai. Kwalbar da ake girgizawa a ɗakin gwaji ita ce baƙuwa, kuma mu muka ƙirƙire ta.

Sai an riƙe ma'auni kafin maganar ta zauna. Maikuromita ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ƙwayar Escherichia coli, wadda aka fi yin gwaji da ita, faɗinta kusan maikuromita 1 ne, tsawonta kusan 2, alhali kaurin silin gashin kan mutum yakan kai wajen 70. Siraran ramukan da suka ratsa cikin haƙori faɗinsu maikuromita 1 zuwa 2 ne, ƙananan hanyoyin da ke cikin ƙashi ba su kai 1 ba, mafi sirantar jijiyoyin jini kuwa suna tsakanin 5 da 10. Tun daga zamanin Robert Koch a shekarun 1880, da farantin da Julius Petri ya fito da shi a 1887, ilimin bakteriya ya ginu ne a kan renon miliyoyin ƙwayoyi a wuri ɗaya a auna matsakaicin halinsu. Wannan hanya ta ba mu ilimi mai yawa, kuma ba na raina ta. Amma ta ɓoye mana abin da ƙwaya guda ke yi idan bango ya kewaye ta, kuma ba a sami damar ganin hakan sosai ba sai bayan shekarar 2000, lokacin da aka ari fasahar sassaƙa ƙananan sassan kwamfuta aka riƙa yanka kwararo da ɗakuna daidai girman ƙwaya a jikin silikon ko roba mai haske.

Abubuwa biyu ne na ɗabi'ar ruwa ke mulkin rayuwa a wannan ƙaramin ma'auni. Na farko, ruwa abu ne mai kauri ƙwarai a wurin halitta mai wannan ƙanƙanta, ta yadda idan ta daina motsa wutsiyarta takan tsaya nan take, ba tare da ta ƙara gaba ko da faɗin ƙwayar zarra ba. Na biyu, sinadarai suna bazuwa da kansu, kuma lokacin da bazuwar ke ɗauka yana ninkuwa sau huɗu duk lokacin da tazara ta ninku sau biyu. Ƙaramin sinadari kamar sukari yana ƙetare maikuromita 1 a cikin kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, milimita 1 kuwa sai ya ci mintoci da dama, santimita 1 kuma ya ci sa'o'i masu yawa. Ma'anar wannan ita ce, a cikin ƙaramin ɗaki komai na cakuɗewa nan da nan, abinci yana ƙarewa da sauri, abin da ƙwaya ta fitar kuma yana taruwa da sauri. Yawancin abin da zan faɗa a gaba daga waɗannan biyun ya tsiro.

Mu fara da tafiya. E. coli tana iyo da wasu siraran wutsiyoyi murɗaɗɗu waɗanda ke juyawa, tana cin kusan maikuromita 20 zuwa 30 a daƙiƙa. Howard Berg da Douglas Brown sun nuna a 1972 cewa a buɗaɗɗen ruwa takan miƙe na kimanin daƙiƙa guda, ta yi ɗan tangal-tangal, sannan ta kama sabuwar alƙibla. Kusa da bango lamarin yakan canza. Wutsiyoyi suna juyawa ta gefe ɗaya, gangar jiki kuma ta ɗaya gefen, kuma saboda ruwan da ke tsakaninta da bango ya fi riƙe ta, sai tafiyar ta karkata, ta riƙa zagaye wajen hannun dama idan ana kallon ta daga sama. A 2005 ɗakin gwajin George Whitesides a Jami'ar Harvard ya nuna cewa a cikin siririn kwararo mai daɓen aga (daskararren abin nan mai santsi da ake renon bakteriya a kansa a faranti), ƙwayoyin sukan bi bangon hannun dama. Haka nan sukan taru a jikin bango su daɗe suna bin sa. A 2007 masu bincike a Jami'ar Yale suka nuna abin da ya fi wannan muhimmanci ga asibiti, wato cewa ruwa mai gudana yakan juya ƙwayar da ke jikin bango ta fuskanci inda ruwan ke fitowa, ta yi ta haurawa sama. A bakin bango gudun ruwa ya fi rauni, don haka siririn bututu yakan zama mata hanya. Wannan na cikin dalilan da suka sa robar fitsari ke da haɗari idan ta daɗe a jikin majiyyaci, domin ƙwayoyi na iya hawa ta cikinta ko ta bayanta har mafitsara, kuma kusan duk wanda roba ta yi wata guda a jikinsa za a sami bakteriya a fitsarinsa.

A wuri mai ramuka barkatai, irin ƙasa ko nama, tafiyar ma ta sake salo. Tapomoy Bhattacharjee da Sujit Datta na Jami'ar Princeton sun cika akwati da ƙananan ƙwallaye masu haske a 2019, suka kalli E. coli tana ratsa tsakaninsu. Sun ga ƙwaya takan zura da gudu ta buɗaɗɗen rami, ta maƙale a lungu, ta yi ta jujjuyawa har ta dace da mafita, sannan ta sake zurawa. A nan siffar ramuka ce ke yanke tsawon tafiya da lokacin juyawa, ba agogon da ke cikin ƙwayar ba.

Yanzu ga zuciyar tambayarka, wato ramin da ya fi ƙwaya ƙanƙanta. Mafi kyawun amsa ta fito ne daga birnin Delft na ƙasar Holan, garin da Antonie van Leeuwenhoek ya fara ganin bakteriya a 1676. A 2009 Jaan Männik da Cees Dekker da abokan aikinsu suka sassaƙa ɗakuna a jikin silikon, suka haɗa su da kwararo masu faɗi daban-daban, suka saki E. coli da Bacillus subtilis a ciki. Abin mamaki na farko shi ne, dukansu biyu sun ci gaba da iyo a kwararon da bai fi kaurin jikinsu da komai ba sai kusan kashi 30 cikin 100. Da kwararo ya ƙara matsewa iyo ya tsaya, amma wucewa ba ta tsaya ba. Ƙwayar da ta toshe bakin kwararo takan yi girma ta rabu, 'ya'yanta su yi girma su rabu, na baya suna tura na gaba, har jerin ya ɓulla ɗaya ɗakin. Ta wannan hanya E. coli ta ratsa kwararon da faɗinsa kusan rabin kaurinta ne. A ciki ta baje ta yi faɗi, kuma ƙwayoyin da suka fito sun fito da siffofi iri-iri waɗanda ba su yi kama da sandar da aka sani ba, amma da ransu, suna kuma rabuwa. B. subtilis kuwa ta kasa shiga ramin da ya gaza kaurinta.

Bambancin yana cikin bangon ƙwayar kanta. Na E. coli siriri ne, 'yan nanomita kaɗan (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na maikuromita), na B. subtilis kuma ya ninka shi sau da yawa, ga shi matsin ruwan da ke cikinta ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin da nake so ka riƙe a nan shi ne, ƙwayar ba ta lanƙwashewa ta kutsa a lokaci guda. A hankali take gina sabon bango daidai da siffar wurin da ta samu kanta, don haka girma shi ne ƙafarta, kuma lokaci shi ne abin da take buƙata. Gwaje-gwajen da suka biyo baya a Delft sun nuna cewa ko bajajjun ƙwayoyin nan suna iya raba kansu kusan daidai a tsakiya. Akwai wasu furotin da ake kira Min waɗanda ke kai da komo daga wannan ƙarshen ƙwaya zuwa wancan domin hana rabuwa a gefe, kuma a 2015 an tilasta wa ƙwayoyi girma cikin siffar murabba'i da alwatika aka ga waɗannan furotin suna daidaita kai da komonsu da sabuwar siffar. Wannan ya nuna cewa ƙwaya tana auna jikinta ne a kowane lokaci, ba ta dogara da siffa guda da aka ɗora mata ba.

Wannan tafiya ta hanyar girma ba ta tsaya a silikon ba. Manomin wake yana cin amfaninta kowace damina. Bakteriyar Rhizobium da danginta, masu kama iskar naitirojin su ba tsiro, suna shiga saiwar wake ta wani siririn bututu da tsiron ke ginawa a cikin gashin saiwa, faɗinsa kusan na ƙwaya guda. Binciken da aka yi a kan tsiron alfalfa ya nuna cewa ba iyo suke yi a cikin bututun ba, waɗanda ke kusa da bakinsa ne ke rabuwa suna cika shi yayin da yake tsawo, har su isa inda ƙullutun saiwa zai fito. Gyaɗa kuwa ba ta gina wannan bututu, ƙwayoyin suna shiga ta tsagar da ke gindin ƙananan saiwoyi ne.

A jikin mutum kuma wannan dabara ce ke bayan wasu cututtuka masu taurin kai. Staphylococcus aureus ƙwaya ce mai siffar ƙwallo, faɗinta kusan maikuromita 1, ba ta da wutsiya, kuma an daɗe ana karantar da cewa ba ta motsi. A 2017 Karen de Mesy Bentley da Edward Schwarz na Jami'ar Rochester a Amurka suka duba ƙashin ɓeraye masu ciwon ƙashi da maikuroskof na elektron, suka tarar da ita a cikin ƙananan hanyoyin da ke haɗa ƙwayoyin halittar ƙashi, ta sirance ta miƙe domin ta dace da ramin. Fararen ƙwayoyin jini da ke cinye bakteriya sun ninka waɗannan hanyoyi girma sau da yawa, ba su da ikon bin ta ciki. Wannan ya taimaka wajen fahimtar abin da likitocin ƙashi suka daɗe da sani a aikace, cewa ciwon ƙashi na iya lafawa shekaru sannan ya dawo, kuma sau da yawa magani kaɗai ba ya isa sai an yi tiyata an kankare mataccen ƙashin. Maganar ta shafe mu kai tsaye, domin masu sikila suna yawan kamuwa da ciwon ƙashi, kuma Salmonella da S. aureus ne kan gaba wajen haddasa shi. Ƙwayar sanƙarau ma, Neisseria meningitidis, tana da nata salon. Ƙungiyar Guillaume Duménil a Cibiyar Pasteur ta Paris ta nuna a 2018 cewa ƙwayoyin suna kama juna da wasu siraran zaruruwa suna saki, ta yadda tarinsu ke malala ya ɗauki siffar siririyar jijiyar jini har ya cika ta.

Masu tace ruwan allura sun koyi wannan darasi tun da wuri. A da ana ganin matata mai ramuka maikuromita 0.45 ta isa, sai a shekarun 1960 Frances Bowman ta hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gano wata ƙaramar ƙwaya da ke wuce ta, wadda yanzu ake kira Brevundimonas diminuta. Daga nan aka koma 0.2, kuma har yau da wannan ƙwaya ake jarraba matata. Duk da haka Leptospira, mai kaurin kusan 0.1, da Mycoplasma marar bango, suna iya wucewa, kuma matatar da aka bari tana aiki tsawon lokaci tana ba ƙwayoyi damar ratsa ta ta hanyar girma.

Ɓangaren da ni kaina na fi ganin zurfinsa shi ne na sadarwa. A 1970 Kenneth Nealson da Woodland Hastings suka lura cewa bakteriyar teku Vibrio fischeri ba ta fitar da haske sai ta yi yawa a cikin kwalba. Bayanin shi ne kowace ƙwaya tana sakin wani sinadari tana kuma jin sa, idan ya taru ya kai wani mizani sai ta kunna wasu ayyuka da ke kashe a da. A 1994 aka raɗa wa wannan tsari sunan da ke nufin ƙidayar jama'a, aka kuma fahimce shi a matsayin hanyar da bakteriya ke sanin ko sun kai yawan da za su yi aiki tare, kamar sakin guba ko gina yauƙin da suke fakewa a ciki. A 2002 Rosemary Redfield ta Jami'ar British Columbia ta kawo ƙalubale. Ta ce ƙwaya ba ta da hanyar ƙirga kowa, abin da take ji kawai shi ne yawan sinadarin da ke kewaye da ita, kuma sinadarin zai iya taruwa ko don maƙwabta sun yi yawa, ko don bango ya hana shi tafiya. Wanda ya kunna turaren wuta a ƙuryar ɗaki ya rufe ƙofa zai ji ƙamshi ya cika wurin da ɗan ƙanƙanin turare, alhali a filin Idi sai mutane da yawa sun kunna kafin a ji haka, kuma hanci kaɗai ba zai bambance dalilan biyu ba.

Gwaji ya tabbatar da cewa ƙunci kaɗai ya isa. A 2009 James Boedicker da Rustem Ismagilov a Jami'ar Shikago suka kulle Pseudomonas aeruginosa a cikin ɗigon ruwa mai kusan femtolita 100, wato kashi ɗaya cikin tiriliyan goma na lita. Ƙwaya guda a irin wannan ɗigo daidai take da ƙwayoyi biliyan 10 a mililita ɗaya, wanda ya wuce cunkoson da aka saba samu a kwalba. Sai ga ƙwayoyi ɗaya zuwa uku sun kunna tsarin da ake cewa na jama'a ne, ko da yake ba dukansu suka kunna ba, wasu sun yi wasu ba su yi ba a yanayi iri ɗaya. A 2010 ƙungiyar Jeffrey Brinker a New Mexico ta ga irin haka da S. aureus guda ɗaya tilo, wadda ta kunna tsarin da ke sarrafa gubarta ita kaɗai. A ra'ayina ba a rushe tsohon bayani ba, an dai faɗaɗa shi, domin yawa da ƙunci da gudun ruwa duk suna shiga lissafi guda. Amma sakamakon ga cuta babba ne. Ƙwayar da ƙwayar halittar jikinmu ta haɗiye ta kulle a cikin 'yar jaka ta samu kanta a daidai irin wannan ɗigo, don haka kullewar da aka yi domin a kashe ta tana iya zama abin da zai sa ta fara sakin gubar da za ta fasa jakar.

Daga nan sai batun magani. A Jami'ar Teksas da ke Austin, Jodi Connell da Marvin Whiteley da Jason Shear sun gina 'yan ƙananan tarkuna na furotin da hasken leza a 2010, bangonsu yana barin abinci da magani su shiga amma ba ya barin ƙwaya ta fita. Ƙwayar P. aeruginosa guda takan shiga ta hayayyafa har ta cika tarkon. Da aka zuba maganin jentamaisin, sai aka ga ƙwayoyi kusan 150 kacal da ke cunkushe sun jure shi kamar yadda mazauna yauƙi ke yi, alhali irinsu da ke sake sun mutu. Babu wani sauyin gado a nan, yanayi ne kawai ya sauya hali. Tun 1944 Joseph Bigger ya lura cewa fenisilin yakan bar 'yan tsirarun Staphylococcus da rai, kuma 'ya'yansu ba su fi iyayensu jure magani ba. An shekara sittin kafin a ga dalilin da ido, lokacin da Nathalie Balaban da abokan aikinta a Jami'ar Rockefeller suka jera E. coli a siraran kwararo a 2004, suka ga cewa waɗanda suka tsira daga amfisilin su ne waɗanda dama sun daina girma ko sun rage shi kafin maganin ya zo. Yawancin magungunanmu suna kai hari ne ga ƙwaya mai girma, kuma lungun da abinci da iskar oksijin suka yi ƙaranci yana cike da ƙwayoyin da suka lafa.

Akwai kuma juriya ta gado, wadda ita ma siffar wuri ke iya gaggauta ta. Ƙungiyar Robert Austin a Princeton ta ba da rahoto a 2011 cewa a cikin wani faifai mai ƙananan ɗakuna 1,200 da ke haɗe da juna, inda maganin sifurofuloksasin ya yi yawa a gefe ɗaya ya yi ƙaranci a ɗayan, E. coli mai jure maganin ta bayyana cikin sa'o'i 10. Ɗakin da magani ya yi rauni yana ba ƙwayoyi damar rayuwa su sauya, wadda ta sauya kuma ta tarar da ɗakin gaba babu abokin takara. Jikin majiyyacin da ya sha rabin magani, ko ya sha jabu mai ƙarancin ƙarfi, cike yake da irin waɗannan wurare.

Kada ka ɗauka ƙunci cutarwa ne ko mafakar mugunta kawai. A cikin ƙasa ramukan da bakinsu bai wuce 'yan maikuromita ba suna kare bakteriya daga amiba da sauran masu cin ta. Idan ƙasa ta bushe, ruwan da ya rage yakan zama siririn shafi a jikin ƙwayoyin ƙasa, wanda bai kai kaurin bakteriya ba, sai iyo ya gagara, kowane gungu ya keɓe a raminsa, in ban da waɗanda suka samu zaren funfuna suka bi danshin da ke jikinsa. Wannan keɓewa tana hana mai ƙarfi cinye mai rauni, kuma tana cikin dalilan da suka sa ɗan ƙanƙanin ƙasa ke ɗauke da dubban nau'o'i. A ƙasarmu ta Sahel, inda rani ke cin fiye da rabin shekara, wannan shi ne halin da bakteriyar gona ke ciki mafi yawan lokaci. Masu neman sababbin magunguna sun ci moriyar wannan fahimta. Slava Epstein da Kim Lewis na Jami'ar Northeastern a Boston sun yi amfani da faifai mai ɗaruruwan ramuka, kowane rami da ƙwaya kusan guda, suka rufe shi da tantani suka mayar cikin ƙasa, sai nau'o'in da ba sa tsirowa a faranti suka tsiro, kuma daga cikinsu aka samo maganin teksobaktin da aka sanar a 2015.

Ga mai aiki a ɗakin gwajin asibiti, abin da ya biyo baya shi ne sakamakon gwajin magani a faranti yana faɗin yadda ƙwaya mai 'yanci da ƙoshi ke amsa magani, kuma yana da amfani ƙwarai a matsayinsa. Ba ya faɗin abin da zai faru a cikin mataccen ƙashi, ko ƙurji mai mugunya, ko jikin roba. Shi ya sa likita mai lura yake haɗa magani da kawar da mafakar, ya cire robar da ba a buƙata, ya tsaga ƙurji, ya kankare ƙashi, kuma idan ya tambaye ka dalilin da ya sa ciwo bai warke ba alhali takardarka ta ce maganin yana ci, a nan ya kamata ku fara dubawa.

Idan kuma za ka karanta rahotannin irin waɗannan gwaje-gwaje, ka karanta su da taka-tsantsan, domin yawancinsu an yi su ne da nau'o'i huɗu ko biyar da suka saba da ɗakin gwaji, a cikin bango mai santsi wanda ba nama ba ne kuma ba ƙasa ba. Ka duba faɗin kwararo gwargwadon kaurin ƙwayar da aka saka, domin rabin maikuromita yana raba mai iyo da mai rarrafe ta girma. Ka duba abin da aka yi bangon da shi, domin robar da aka fi amfani da ita tana barin oksijin ya ratsa, silikon da gilashi kuwa ba sa bari. Ka kuma duba ko ɗakin a rufe yake ruf ko ruwa na wucewa ta gefensa. A na'urar da Suckjoon Jun da abokan aikinsa suka fito da ita a 2010, inda ƙwaya uwa ke zaune a ƙarshen toshasshen kwararo ana kawo mata sabon abinci ba yankewa, E. coli ta ci gaba da girma da sauri iri ɗaya har zuriya fiye da ɗari duk da matsin. A tarkunan Teksas kuwa, ƙara gudun ruwan da ke wucewa ta waje ya rage kunnuwar tsarin sadarwa ko da yawan ƙwayoyin da ke ciki bai canza ba, saboda ruwan yana kwashe sinadarin kafin ya taru.